Kafin a sayi injin takarda, a fara samar da masaninta

Duk shekara hukumomin bayar da tallafin karatu a Najeriya suna tura matasa yin digiri na biyu da na uku, wasu a gida, wasu a ƙetare. Asusun PTDF yana ɗaukar nauyin masu nazarin man fetur da iskar gas, TETFund yana tura malaman manyan makarantu, gwamnatocin wasu jihohin Arewa kuma sun fi karkata ga likitanci da injiniyanci da tuƙin jirgin sama. Da wuya a ji an ambaci kimiyyar takarda a cikin wannan jeri. Da ɗalibi zai ce a kanta yake son ya kashe shekara huɗu yana bincike, da yawa daga cikin danginsa za su ɗauka wasa yake yi.

Amma ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, wadda ke sayo mafi yawan farar takardar rubutu da ɗab'i daga waje, tana da dalili mai ƙarfi na ɗaukar wannan fanni da muhimmanci. Najeriya ta taɓa kashe dukiya mai yawa wajen sayen injunan yin takarda ba tare da ta tanadi isassun masu binciken da za su daidaita su da tsirran ƙasarta ba. Yau ma ana yawan kiran a farfaɗo da waɗannan masana'antu. Idan aka sake farawa daga inji, aka bar ilimin a baya, abin da ya faru jiya shi zai sake faruwa.

Abin da ake karantawa

Takarda tabarma ce ta ƙananan zaruruwan tsiro. Ana warware su ɗaya-ɗaya a cikin ruwa, a shimfiɗa su a kan raga, ruwan ya tsiyaye, a matse, a busar. Yayin bushewa zaruruwan suna kama juna da kansu, ba tare da an sa musu gam ba. Ƙullun da ke zuba a kan ragar injin zamani kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma manyan injuna suna fitar da takardar da tsawonta ya haura kilomita ɗaya a cikin minti guda. Kowane ɗan kuskure a kaurin ƙullun ko a sinadaransa yana iya tsinka takardar ya tsayar da aiki.

Zaren da ake nema sunansa salulos, shi ne kusan kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na busasshen itace. A cikin itacen yana manne da wani sinadari mai suna liginin, wanda ke riƙe zaruruwan kamar yadda laka ke riƙe tubali. Hanya biyu ce ta raba su. Ta farko niƙa ce: a gurza itacen har ya zama ƙullu, liginin ɗin yana ciki. Wannan ita ce takardar jarida, mai arha, mai saurin komawa ruwan ɗorawa idan ta sha rana. Ta biyu dafawa ce da soda, irin wadda masu yin sabulu suka sani, haɗe da wani sinadarin farar wuta. Bajamushe Carl Dahl ne ya ƙirƙiro wannan hanya a 1879, kuma har yau ita ce kan gaba a duniya. Tana narkar da liginin ta bar zare mai ƙarfi, amma kusan rabin nauyin itacen yana tafiya a cikin baƙin ruwan dahuwar. Masana'anta ba ta cin riba sai ta ƙona wannan baƙin ruwa ta sami tururi da lantarki, ta kuma dawo da sodarta ta sake amfani da ita.

Abu na gaba shi ne tsawon zare, kuma a kansa ne labarin Najeriya ya rataya. Itatuwan fayin da danginsu na ƙasashe masu sanyi suna da zare mai tsawon kusan milimita 3, wanda ke ba takarda ƙarfin jure ja da yagewa. Itatuwa masu faɗin ganye, irin su turare da malaina, zarensu bai wuce kusan milimita 1 ba. Gajeren zare yana ba da santsi da kyawun ɗaukar tawada, dogo yana ba da ƙarfi. Yawancin takardu gauraye ne na biyun.

Ɗalibin digiri na biyu a wannan fanni yana haɗa ilimin sinadarai da injiniyanci da ilimin tsirrai. Yana dafa samfur a ƙaramar tukunyar gwaji, yana auna zare a madubin ƙara girma, yana yin 'yan takardu da hannu ya gwada ƙarfinsu da haskensu da yadda suke shan ruwa. Mai digiri na uku yana ɗaukar tambaya guda da masana'anta ba ta da amsarta, ya bi ta shekaru har ya kai ga wani abu da za a iya aiki da shi.

Dogaro mai tsohon tarihi

Ƙasar Hausa ta daɗe da rubutu, amma ba ta yi sana'ar yin takarda ba. Sana'ar ta fito ne daga ƙasar Sin, inda ake danganta ta da Cai Lun a shekara ta 105. Ta shiga duniyar Musulmi ta Samarƙandi a ƙarni na 8, ta isa Bagadaza, ta bi ta Masar da Maroko zuwa Andalus, daga nan ta shiga Italiya. Ba ta tsallako Sahara ba. Takardar ce kawai ta tsallako a bayan raƙuma. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa takarda a cikin kayan da fatake ke kawowa daga arewa. Yawancinta ta Italiya ce, mai tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta, wanda ba a gani sai an ɗaga ta a haske. Littattafai da wasiƙu masu yawa na zamanin Daular Usmaniyya a kan irin wannan takarda aka rubuta su. Tsadar takarda tana cikin dalilan da suka sa allo, wanda ake wankewa a sake rubutu, ya zama kayan karatun kowane almajiri.

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin tarayya ta yi niyyar kawo ƙarshen wannan dogaro, ta kafa manyan masana'antu uku. Ta Jebba a bakin Kogin Kwara ta fara aiki a 1969. Ta Oku-Iboku, a jihar Akwa Ibom ta yau, ta fara fitar da takardar jarida a 1986. Ta Iwopin a jihar Ogun, wadda aka tsara don farar takardar rubutu da ɗab'i, ta shafe shekaru da yawa ana gininta, kuma ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara ba. An shuka dazuzzukan malaina a Omo da Oluwa domin ciyar da ita. Kafin ƙarshen shekarun 1990 duka ukun sun durƙushe. Daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa, ta Jebba ta dawo tana sarrafa tsofaffin takardu da kwalaye.

Dalilan durƙushewar suna da yawa, ciki har da rashin iya gudanarwa da matsalar lantarki da ƙarancin jari. Sai dai akwai dalili guda na kimiyya da ya shafi dukansu. Malaina gajeren zare gare ta. Dole masana'antun su riƙa sayo ƙullun dogon zare daga waje, tare da sinadarai da kayan gyara. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, kuɗin sayo waɗannan kaya ya fi ƙarfinsu. An yi gonakin gwajin fayin a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna da kan tudun Jos, amma ba su kai girman da za su ciyar da masana'anta ba. Tambayar inda dogon zare zai fito a cikin gida tambaya ce da ya kamata a amsa a ɗakin gwaje-gwaje kafin a kafa tubalin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda wasu suka yi

Kudancin Amurka ya taɓa shiga irin wannan hali. A farkon ƙarni na 20 masana'antu sun yi imani cewa fayin ɗin yankin ya cika ƙaro, ba zai yi takardar jarida ba, don haka jaridun yankin suna dogara da takardar Kanada da ta arewacin ƙasar. Wani masanin sinadarai ɗan jihar Jojiya, Charles Herty, ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Sabana a 1932. Ya nuna cewa ƙananan itatuwan da ba su tsufa ba ƙaronsu kaɗan ne, ya yi takarda da su, jaridu suka buga a kanta. Ya rasu a 1938. A 1940 aka buɗe masana'antar takardar jarida ta farko mai amfani da wannan itace a garin Lufkin na jihar Teksas. Binciken ne ya riga injin zuwa, da shekara takwas.

Kafin wannan, a 1929, kamfanonin takarda na jihar Wiskonsin sun haɗa kuɗi sun kafa cibiyar nazarin sinadaran takarda a garin Appleton, wadda ba ta ɗaukar ɗalibi sai na digiri na biyu da na uku. A 1989 ta koma birnin Atlanta, inda daga baya ta zama ɓangare na jami'ar fasaha ta Jojiya. Masu masana'antun sun gane cewa matsalolin da ke tsayar musu da inji ba sa warwaruwa da ƙwarewar makaniki kaɗai.

Misalin Burazil ya fi kusa da na Najeriya, domin ƙasa ce mai zafi wadda ita ma take sayo ƙullun takarda daga waje. A shekarun 1950 kamfanin Suzano ya tura masu bincike ƙarƙashin Max Feffer su gwada itacen turare a ɗakunan gwaji na jami'ar Fulorida. A lokacin ba a ɗauki gajeren zaren turare a bakin komai ba. Zuwa farkon shekarun 1960 kamfanin yana yin takardar rubutu da turare zalla. A 1968 jami'a da kamfanoni suka kafa cibiyar binciken gandun daji ta haɗin gwiwa a Pirasikaba, aka shafe shekaru ana zaɓen iri da inganta shi, har ya zama ana sare turare a shekara bakwai da shukawa. Yau babu ƙasar da ta kai Burazil sayar da ƙullun takarda a kasuwar duniya. Ita kuwa Indiya, da take ƙarancin daji, ta kafa cibiyar binciken takarda a Saharanfur a 1980, kuma kamfanin TNPL na jihar Tamil Nadu ya gina sana'arsa a kan abin da ke saura na rake bayan an matse ruwansa.

A duk waɗannan wurare, tsiron da aka raina ne ya zama arziki, bayan wasu mutane sun zauna sun yi masa karatun ta-natsu.

Tambayoyin da ke jiran mai amsa

Tsiron da ya fi cancantar irin wannan karatu a Arewa shi ne rama. Bahaushe ya san ta a kwaɗo, ya san ɓawonta a igiya. Wannan ɓawo, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin karan, zarensa yana da tsawon kusan milimita 2.5, wato dab da na fayin. Totuwar ciki kuma gajeren zare ce. Ke nan tsiro guda yana ɗauke da zaruruwan biyu, kuma yana isa yanka a wata huɗu zuwa biyar. Ma'aikatar noma ta Amurka ta gwada tsirrai kusan 500 tun daga ƙarshen shekarun 1950, ta zaɓi rama a matsayin wadda ta fi dacewa ta maye gurbin itace, kuma a 1977 wata jarida a birnin Piyoriya ta buga fitowarta a kan takardar rama. A Najeriya, cibiyar binciken aikin gona ta IAR&T da ke Ibadan ce ke da alhakin inganta irinta.

Wannan bai nuna an gama magana ba. Wata masana'anta a Kon Kaen ta ƙasar Tailan ta fara aiki da rama a farkon shekarun 1980, daga baya ta koma ga gora da turare, domin manoma ba sa kawo ramar yadda ake buƙata. Ana yankan rama sau ɗaya a shekara, inji kuwa yana son ci kullum. Karanta yana da cika wuri da rashin nauyi, ɗaukarsa a mota yana da tsada, idan kuma aka jibge shi da danshi sai ya ruɓe. Yaya za a adana shi wata takwas a yanayin Zariya ko na Bida? Da wace na'ura mai arha za a raba ɓawo da totuwa a bakin gona? A wane farashi manomi zai yarda ya ba rama filin da zai iya sa masara? Kowace daga cikin waɗannan ta isa kundin digiri, kuma babu ɗalibin Finlan ko na Kanada da zai amsa ta, domin ba matsalarsu ba ce.

Haka batun bambaron shinkafa yake, wanda ke tulewa a Kebbi da Jigawa da Kura bayan girbi. Yana yin takarda, amma cike yake da silika, sinadarin yashi, wanda ke toshe na'urorin dawo da soda daga baƙin ruwa. Masana'antar da ta kasa dawo da sodarta takan zubar da ruwan a kogi. Wannan ne ya sa ƙasar Sin ta rufe ɗimbin ƙananan masana'antun takardar bambaro a shekarun 1990. Mutanen Kano da suka ga abin da ruwan majemun Chalawa da Sharaɗa ya yi wa koguna ba sa buƙatar dogon bayani. Shi kuwa sauran rake na Numan da Sunti, kamfanonin sukari suna ƙona shi su sami wuta, don haka mai son sa sai ya ba su wani makamashi a madadinsa, kamar yadda TNPL ke yi. Karan dawa ma ba kyauta yake ba, domin yana da masu shi: dabbobi da darni da murhu.

Akwai kuma tsohuwar takarda. 'Yan bola-jari suna tara kwalaye a kowane gari, kuma a kan wannan ne masana'antun kwali da na takardar goge hannu na ƙasar suka dogara. Sai dai zare yana gajercewa duk lokacin da aka sake sarrafa shi, bayan zagaye biyar zuwa bakwai ya daina amfani. Dole a riƙa zuba sabon zare a cikin zagayen, kuma a nan ma rama tana iya shigowa.

Fannin yana da wani reshe da ya shafi tarihi kai tsaye. A shekarun 1950 William Barrow ya nuna a Bajiniya cewa sinadari mai tsami da ke cikin takardar zamani shi ke cinye ta daga ciki. Shi ya sa rubutun da aka yi a kan takardar tsumma ta Italiya shekara 200 da suka wuce yakan fi ƙwari a kan tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna riƙe da dubban takardu da ke fama da zafi da ƙura da gara. Ɗaukar hotonsu a kwamfuta yana adana kalmomin, amma tambarin da ke jikin takardar, wanda ke taimakawa wajen gane zamanin rubutu, yana tare da takardar kanta. Ceto ta aikin masanin sinadaran takarda ne.

Hujjojin masu shakka

Mai shakka zai ce zamanin takarda ya wuce. Yana da gaskiya a ɓangare guda: buƙatar takardar jarida ta faɗi ƙwarai a duniya tun farkon wannan ƙarni, kuma duk wanda zai sake gina Oku-Iboku don takardar jarida kaɗai ya yi asarar kuɗinsa. Amma kwali da takardar ƙunshe kaya suna ƙaruwa tare da cinikin intanet da sarrafa abinci. A Janairun 2024 jihar Legas ta haramta mazuban abinci na roba mai kama da kumfa, kuma abin da zai maye gurbinsu mafi yawansa daga zaren tsiro zai fito. Ƙasar da yaranta ke cika azuzuwa za ta daɗe tana buƙatar littafin rubutu da takardar jarrabawa.

Zai kuma ce babu aikin da mai wannan digiri zai samu, don haka zai tsaya a ƙasar da ya yi karatu. Wannan ita ce hujja mafi nauyi. Ɗalibin da aka tura Aalto a Finlan ko Girenobul a Faransa ba tare da tambayar da zai amsa ba, zai yi bincike a kan matsalar masana'antun can, kuma su za su ɗauke shi aiki. Laifin yana ga yadda aka tsara tallafin. Wanda aka tura da buhun karan rama da yarjejeniyar ɗakin gwajin da zai dawo ya riƙe, lissafinsa daban ne.

Hujja ta uku ita ce sayo takarda daga Indonesiya ko Burazil ya fi arha. Ga farar takarda mai inganci, wataƙila haka abin zai kasance na tsawon lokaci, kuma bincike na gaskiya yana iya tabbatar da hakan. Ko wannan amsa riba ce. Kundin digiri da ya nuna cewa wata masana'anta ba za ta ci riba ba ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wata Iwopin ɗin.

Abin da ya kamata a yi

Ba a rasa masu nazarin zaren tsirrai a Najeriya ba. Sassan gandun daji da na sinadarai a jami'o'i, da cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, da majalisar binciken albarkatun masana'antu ta Abuja, sun yi ayyuka a kai. Sai dai yawancin binciken yana tsayawa ne a awon tsawon zare da kammalawa da cewa tsiro kaza zai iya yin takarda. Tsakanin wannan jimla da masana'anta akwai tafiya mai nisa, kuma ba a yin ta sai da ƙaramin injin gwaji mai fitar da takarda a jere, wanda zai nuna ko ƙullun yana tsiyaye ruwa da sauri, ko takardar tana tsinkewa, da kuma nawa tan ɗaya zai ci.

Saboda haka matakin farko shi ne cibiya guda mai irin wannan inji, maimakon a raba kuɗin ga jami'o'i goma kowace ta sayi madubi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyancin sinadarai da cibiyar binciken noma ta Samaru a wuri ɗaya, ga gonakin rama da na fayin a kusa. Na biyu, TETFund ya ware gurabe kaɗan duk shekara na digiri na uku a wannan fanni, rabin karatun a gida, rabi a Indiya ko Burazil, inda tsirrai da yanayi suka fi kama da na Najeriya, kowane gurbi ɗaure da tambaya takamaimai. Na uku, kamfanonin kwali da na sukari da manyan maɗaba'u su sa kuɗi su kuma zauna a kwamitin zaɓen tambayoyin, kamar yadda aka yi a Appleton da Pirasikaba, domin wanda ya biya kuɗin bincike shi ke matsawa a ga sakamako.

Ga matashin da ya kammala digirin farko a sinadarai ko injiniyanci ko gandun daji yana tunanin inda zai dosa, wannan fili ne da masu shiga ba su da yawa, tambayoyinsa kuma a buɗe suke. Horar da mutum goma zuwa matakin digiri na uku zai ɗauki shekara biyar ko shida, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran tukunyar tururi guda a babbar masana'anta ba. Duk gwamnatin da ke shirin sake sa hannu a yarjejeniyar sayen injin takarda, ya kamata ta fara tambayar wa zai gaya mata abin da za a zuba a cikinsa.